Amon Aji Ba Shi Ne Shaidar Karatu Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan iyaye da yawa a yankinmu, daga Kafin Maiyaki zuwa Kiru da Bebeji, har can Tudun Wada da Doguwa. Ana cewa makarantar firamare ta ƙwarai tun daga bakin hanya ake gane ta. Idan ka ji aji ya ɗauki amo, malam yana faɗa yara suna amsawa da murya ɗaya, to ana karatu. Idan yaro ya dawo gida da littafinsa cike da abin da ya kwafa daga allo, ga jan biron malam a kai, to kuɗin littafi bai tafi a banza ba. Amma in uba ya leƙa ta taga ya tarar da yara rukuni-rukuni suna ɗaure karare, ko malama tana yi musu tatsuniya, sai ya kaɗa kai ya ce yau dai wasa aka yi.

Masu wannan ra'ayi iyayenmu ne da yayyenmu, kuma sun cancanci a yi musu magana da ladabi. Su ne suke haƙura da taimakon yaro a gonar masara lokacin da aiki ya yi tsanani, su tura shi makaranta. Wanda ya yi wannan sadaukarwa yana da haƙƙin ya nemi alamar da za ta nuna masa cewa ba a ɓata wa ɗansa lokaci. Inda na saɓa da su shi ne alamar da suka riƙe. Amo da cikar littafi suna iya kasancewa a ajin da ake koyo, suna kuma iya kasancewa a ajin da rabin yaransa ba su san baƙi ko ɗaya ba. Abin da yake nan ko an koya ko ba a koya ba, ba zai zama ma'auni ba.

Ina ganin asalin wannan fahimta daga makarantar allo take, inda kusan dukkanmu muka fara zama gaban malam. Can muka saba da cewa karatu yana da sauti, kuma shirun almajiri alamar lalaci ne. To amma mu tuna yadda makarantar allo take aiki a haƙiƙa. Amon da ake ji daga nesa muryoyi ne daban-daban, kowane yaro yana kan nasa allon, a nasa matsayin. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani ya yi nisa cikin surori. Yaro yana bin kowane baƙi da tsinke ko ɗan yatsa, idonsa a kan abin da bakinsa yake faɗa. Sannan ba ya wanke allo sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya, malam ya saurara ya gamsu, kafin a yi masa ƙari. Yaran da suka fara rana ɗaya ba dole su yi sauka rana ɗaya ba, kuma babu wanda yake ganin aibin haka. Ashe ƙarfin makarantar allo yana cikin wannan sauraro na ɗai-ɗai. Ajin firamaren da ya dogara ga amshi ya ɗauki amon, ya bar sauraron.

Mu duba abin da yake faruwa a irin wannan aji. Malam ya rubuta jimla a allo, ya karanta, ya ce a maimaita. Yara biyar ko shida da ke gaba, waɗanda suka riga suka iya, su ne suke jan murya. Sauran suna biye da su da ɗan jinkirin da kunne ba ya kamawa. Na baya ma ba allon suke kallo ba, bakin na kusa da su suke kallo. Bayan an maimaita sau goma kowa ya haddace jimlar, har wanda bai san inda kalmar farko ta ƙare ta biyu ta fara ba. Daga nan sai a ce a kwafa. Yaron da bai iya karatu ba yana iya kwafar shafi guda da kyakkyawan rubutu, domin siffar baƙaƙen yake zanawa ɗaya bayan ɗaya. Malam ya sa hannu, a fita tara, a dawo a shiga wani darasin a yi haka. A ƙarshen shekara duk aji ya wuce gaba tare. Ta wannan hanya ake samun ɗan aji biyar da ya tara littattafan rubutu a gida, amma in ka rubuta masa sunan garinsu a takarda ya tsaya yana kallonka.

Wannan matsala ba ta tsaya a kudancin Kano ba. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Da yawa daga cikinsu suna zuwa makaranta kullum, suna amsawa in an faɗa. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara wani bincike na shekara-shekara a 2005, inda ake bin gidaje a zaunar da yaro shi kaɗai a ba shi takarda mai hawa huɗu: baƙaƙe, kalmomi, 'yan jimloli, sai ɗan labari. Sakamakon ya nuna shekara bayan shekara cewa kusan rabin 'yan aji biyar na karkara ba sa iya karanta rubutun 'yan aji biyu. Daga wannan darasi ƙungiyar ta ƙarfafa tsarinta na koyar da kowane yaro daga inda ya tsaya, ba daga lambar ajinsa ba. Duk wanda ya yi makarantar allo zai ji tsarin bai zama masa baƙo ba.

Yanzu mu koma ga abin da ake kira wasa. A ce malama ta yanka kwali ta rubuta gaɓoɓi huɗu: ma, sa, ra, ta. Ta raba yara gida-gida, kowane gida da nasa kwalayen, ta ce su haɗa kalmomi. Wani gida ya fitar da mata, wani tasa, wani rama, wani ya kai ga masara. Ajin zai yi hayaniya, za a yi gardama, wani zai ƙwace kwali daga hannun wani. Amma yaron da ya haɗa masara da hannunsa ya gano sirrin da zai buɗe masa duk wata kalmar Hausa da zai haɗu da ita, domin rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, da wasula biyar kacal. In aka ƙara nuna masa bambancin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ya san amfanin lanƙwasar da ke kan baƙi. Wanda ya haddace jimla goma, jimla goma ya samu. Wanda ya iya haɗa gaɓa zai karanta ta sha ɗaya da ba a taɓa biya masa ba.

Haka lissafi. Yara da yawa suna rera ɗaya zuwa ɗari ba tuntuɓe, amma in aka ce su cire 7 daga 32 sai su rikice a wurin aro, domin an gaya musu a ari ɗaya ba a nuna musu mene ne ɗayan ba. Malamin da ya sa aka kawo karan dawa aka yanka, aka ɗaure goma-goma, zai ajiye dami uku da kara biyu a gaban yaro ya ce ya ba shi bakwai. Yaron da kansa zai ga biyu ba za su isa ba, dole ya kwance dami ɗaya. Ya kwance, ya zama yana da sha biyu a warwatse, ya ba da bakwai, saura dami biyu da kara biyar. Ya ga 25 da idonsa, ya kuma gane cewa ɗayan da ake arowa goma ne. Kayan wannan darasi ba sa buƙatar kwangila daga Kano: kara, totuwar masara, tsakuwa da marafan kwalba duk suna nan a kowane lungu.

Tatsuniya ma aiki take yi in malama ta san abin da take nema. Ta tsaya a tsakiyar labari ta tambayi yarinyar da ke can baya me take tsammani zai faru, ta tambayi wani dalilin da ya sa Gizo ya yi abin da ya yi, ta sa na uku ya maimaita labarin da nasa kalmomin. Bin zaren labari, hasashen abin da ke tafe da faɗin dalili su ne ainihin abin da ake tambaya a darasin fahimta har zuwa jarrabawar ƙarshen sakandare.

Ba sai mun je Indiya ba kafin mu ga an jarraba wannan hanya. A 2019 Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kano, tare da British Council da TaRL Africa da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, sun fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, domin 'yan aji huɗu zuwa shida. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, a sa shi rukunin da ya dace da abin da ya iya, a koya masa karatun Hausa da lissafi ta irin waɗannan ayyuka. Kasancewar 'yan aji huɗu zuwa shida aka nufa da koyon tushen karatu ya isa ya nuna mana abin da shekaru uku na amshi suke bari a baya.

Na san abin da malamanmu za su ce, kuma suna da hujja. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma aji mai yara ɗari ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na jihar nan. Lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, shi da kansa ya yi maganar ɗimbin yaran da ke zaune a ƙasa babu kujeru. Malamin da ke gaban irin wannan taro, babu littattafan karatu, yana komawa ga amshi ne domin ita ce hanyar da ta fi sauƙin riƙe aji. Ban ɗora masa laifi ba. Amma ko a wannan hali akwai abin yi. In ya saurari yara biyar kullum, minti ɗaya ɗaya, cikin mako huɗu ya ji muryar kowane yaro a aji mai ɗari, ya san wanda ke baƙaƙe da wanda ya kai labari. Kuma yadda gardi yake biya wa ƙolo a tsangaya, haka yaron da ya iya zai zauna da 'yan uwansa biyar su yi aikin kwalaye, malam yana zagayawa.

Ban kuma ce a kori hadda daga aji ba. Jadawalin ninkawa, ranakun mako, watannin shekara da addu'o'i duk da maimaici suke zama, kuma amshi na 'yan mintuna yana wartsake yara da safe. Abin da nake ƙi shi ne ya cinye ranar gaba ɗaya, sannan a ɗauke shi shaidar an koya.

Illar amshi ta fi muni a darasin da ake yi da Turanci, inda yaro ke maimaita sautin da bai san ma'anarsa ba. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyarwa da harshen da yaro ya tashi da shi, bayan gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 da harshen Yarbanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi shekara shida na firamare da harshen gida, a 2025 kuma ta janye ta koma Turanci. Duk yadda Abuja ta yanke, tambayar da ke gaban malamin aji biyu a Kiru ko Doguwa ba ta sauya ba: wannan yaron, shi kaɗai, ya gane ko bai gane ba? Ta fi nauyi ma a kan yaran rugagen Fulani da ke kewayen dajin Falgore, waɗanda wasunsu Hausar ma a makaranta suke ƙarasa koyonta, kuma su ne amshi ya fi saurin ɓoyewa.

Babu manomin da zai sayi buhun masara a Kwanar Dangora don ya ga an cika shi an ɗinke baki da kyau, sai ya sa hannu ya ɗebo ya duba ƙwayar. Abin da nake roƙon iyaye ke nan. A rufe littafin makaranta, a rubuta wa yaro kalma uku da ba a taɓa biya masa ba, a ce ya karanta. Uban da bai yi boko ba yana iya sa wani ya rubuta abin da shi ya faɗa, sannan ya saurara ya ji ko shi yaron zai fitar. Uwa tana iya zuba wake talatin da biyu a faifai ta ce ya cire bakwai ya faɗi saura, sannan ya rubuta lambar. In ya iya, a gode wa malaminsa ko da littafinsa bai cika ba. In ya kasa, kada a kai masa bulala, a je wurin hedimasta ko kwamitin kula da makaranta a tambaya cikin mutunci: a wane mataki ɗana yake, kuma yaushe malam ya saurare shi shi kaɗai? Malamai suna lura da abin da iyaye suke tambaya. Muddin cikar littafi muke nema za a cika mana shi, in kuma muka fara tambayar abin da yaro ya iya, dole ayyukan aji na kullum su karkata zuwa can.