Yadda Muka Karanta Shaihu Umar A Aji Huɗu

A zangon da ya wuce malaminmu na Hausa ya karantar da mu littafin Shaihu Umar, wanda Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka fara buga shi a 1934. Na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda ya bi da mu, domin a lokacin ban cika wata huɗu da rashin mahaifiyata ba.

Ga wanda bai karanta ba, Umar maraya ne tun farko. An sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, ya ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta. Sai bayan shekaru masu yawa suka sadu a Tarabulus, ba ta daɗe ba kuma ta cika.

Kafin mu kai wannan wuri Malam ya kira ni ofis, ya ce, "Ɗana, ga abin da ke tafe a littafin. In ka fi so, ranar ka tafi laburare." Na ce zan zauna. To, a ranar bai fara da tambayar jigo ko salo ba, kamar yadda ya saba. Taswira ya zana a allo, ya sa Kagara da Kano da Murzuk da Tarabulus, ya ce mu dubi nisan da mace ɗaya ta ci saboda ɗanta. Shi da kansa ya karanta mana babin, a hankali. Da ya gama bai nuna kowa da yatsa ba. Aji ya yi tsit, har masu surutun baya.

Wasu iyaye kan ce bai dace a ɗora wa yara labarin mutuwa ba. Ni ban yarda ba, gama a ajinmu kaɗai mu biyar ne marayu, ban kuwa san da sauran huɗun ba sai ranar. Abin da zai yi ciwo shi ne a afka wa yaro da labarin ba shiri, sa'an nan a ce ya tashi ya yi bayani don a ba shi maki.

Tambayoyin jarrabawa sai mako na gaba muka yi su. Aikin gida na ranar kuwa, cewa ya yi kowa ya rubuta wasiƙa zuwa ga uwar Umar, wanda ba ya so a gani ya riƙe abarsa. Tawa tana cikin akwatina.