TSEREN KORA NA MATA A KAN KEKE

Wanda ya tashi daga nan Abaji ya nufi Abuja, in ya wuce Kwali da Gwagwalada, dab da ƙofar birni zai ga babban filin wasanni wanda a ke kira da sunan Moshood Abiola tun 2019. A cikin harabarsa akwai wani gini mai rufi da aka yi musamman domin tseren keke, lokacin Wasannin Afirka na 2003. A nan ne aka yi gasar tseren keke ta ƙasashen Afirka a 2022. Da yawa daga cikinmu mun sha wuce shi a mota, amma kaɗan ne su ka san irin wasan da a ke yi a ciki. To, ga bayanin ɗaya daga cikin wasannin, watau tseren kora na mata huɗu-huɗu.

Da fari sai mu san filin. Irin wannan fili ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar na ƙwallo. Siffarsa kamar akushi ce da aka ɗan ja ta yi tsawo, yawanci da katako a ke daɓe shi, kwanoninsa biyu kuwa sun tashi tsaye ƙwarai, har mutum ba ya iya hawansu da ƙafa sai da rarrafe. A manyan gasa kewaye ɗaya mita 250 ne. Keken ma dabam ya ke da namu na zuwa kasuwa: ba shi da birki, ba shi da giya sai ɗaya, kuma muddin ƙafar baya tana juyawa tilas feda ta juya. Ba dama mahayiya ta saki ƙafa ta huta.

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mata huɗu. Ɗaya ta tsaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, rabin fili tsakaninsu. Da an ba da alama sai su tashi gaba ɗaya, kowace tana korar 'yar'uwarta, su yi kewaye 16, watau kilomita 4, kimanin mil biyu da rabi. Wadda ta riga gamawa ta ci. In kuwa a karon ƙarshe wata ta cim ma wata tun ba a gama ba, shi ke nan, magana ta ƙare.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Ba a tsai da agogo sa'ad da ta farko ta ƙetare layi, ko ta biyu. Sai ƙafar gaba ta keken ta uku ta taɓa layi sa'an nan a ke rubuta lokacin ƙungiya. Saboda haka ko da a ce a cikinsu akwai wadda ta fi kowa gudu a duniya, in ta tsere ta bar sauran, wahalar banza ta yi. An yarda ɗaya ta gaji ta janye, ukun su ƙarasa. In ta uku ta yanke ta koma baya kuwa, dole biyun gaba su sassauta su jira ta, abokan karawa kuwa ba su jiran kowa.

Me ya sa su ke jeruwa kamar zaren tasbaha, ƙafar keken wannan kusa da ta wancan, tazarar ba ta kai taƙi ba? Iska ce dalili. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke ya fuskanci iskar hunturu ya san yadda ta ke danne ƙirji. In gudu ya yi tsanani, mafi yawan ƙarfin mahayi a kan ture iska ya ke ƙarewa. Ta gaba ita ke fasa iskar, na bayanta su fake a jikinta, su sami sauƙin da ya kai wajen sulusin aikin ko fiye. Yaran da kan manne a bayan babbar mota a hanyar Lokoja wannan sauƙin su ke nema, ko da ya ke su kasada ce su ke yi da ransu, kada wanda ya yi koyi da su.

Da ya ke ba mai iya daɗewa a gaba, sai su riƙa karɓa-karɓa kamar masu daka a turmi ɗaya. Ta gaba ta ja kewaye ɗaya ko biyu, gwargwadon ƙarfinta, in an shiga kwana sai ta haura sama, ukun su wuce ta ƙarƙashinta, ta gangaro ta kama bayan ta ƙarshe. Wannan gangarowa ita ce wurin gwaninta. In ta yi jinkiri kaɗan, tazara ta buɗe, iska ta same ta, sai ta ƙone ƙarfinta wajen kamo su. In ta yi garaje, ta taɓa ƙafar ta gabanta, duk su zube. A ganina ta fi kowa wuyar aiki wadda ta fi su ƙarfi, don ba a so ta ƙara gudu in ta karɓi gaba, abin da a ke so ta daɗe a can da gudun da sauran za su iya bi.

Maza sun fara wannan tsere a wasannin Olamfik tun 1908. Mata sai a 2008 aka sa shi cikin gasar duniya, a Mancesta ta Ingila, a lokacin kuwa su uku-uku ne, kilomita 3. Haka aka yi shi a Olamfik na Landan a 2012, Birtaniya ta ci. Bayan wannan aka daidaita su da maza, huɗu-huɗu, kilomita 4. Birtaniya ta sake ci a Riyo a 2016, Jamus ta ci a Tokiyo a 2021 cikin minti 4 da daƙiƙa 4 da 'yan kai, abin da ba a taɓa yi ba kafin ranar. Malaman lissafi su gwada wa 'yan ajinsu: mita 4,000 cikin daƙiƙa 244, ya kama kusan kilomita 59 a sa'a, daga tsaye kuma su ka tashi. A Faris a 2024 Amurka ce ta ci, bayan ta zo ta biyu sau biyu, ta uku sau ɗaya. Tsakaninta da Niyu Zilan a karon ƙarshe bai kai daƙiƙa guda ba, wajen mita goma ke nan bayan tafiyar mil biyu da rabi.

Mu fa? A wancan Olamfik na Faris wata 'yar Nijeriya, Ese Ukpeseraye, ta shiga tseren titi, ta kuma shiga gajerun tsere na cikin fili. Da ya ke damar shiga na filin ta zo mata a ƙurarren lokaci, 'yan Jamus ne su ka ara mata keken da ta hau. Ta yi abin yabo, amma ita kaɗai ce. Tseren kora kuwa yana bukatar huɗu waɗanda su ka daɗe suna hawa tare, har kowace ta san numfashin 'yar'uwarta. Fili muna da shi, tafiyar sa'a biyu ba ta kai ba daga nan. 'Yan matan da za su hau shi yanzu haka suna firamare, a ajin da ɗalibanmu za su je koyarwa.

Malamin wasanni da ke son gwadawa ba sai ya jira filin katako ba. Ya auna kewaye a filin makaranta inda ƙasa ta yi tauri, ya nemo keke takwas masu birki mai kyau, ya raba yara gida biyu. Da fari a bar tsawon keke guda tsakanin wannan da wancan, su koyi canjin gaba a hankali kafin a yi zancen gudu. Agogo biyu sun isa, ɗaya ga kowace ƙungiya, a kuma gargaɗi masu riƙe da su kada su danna sai yarinya ta uku ta ƙetare layi.