Ciwon Kumburin Manyan Jijiyoyin Jini da Sha'anin Gado

An shirya wannan bayani domin hakimai da magatakardansu, musamman na Kawo da kewaye, don su fahimtar da talakawa wani ciwo wanda ba shi da yawa, amma yana da haɗari in an yi sakaci.

Daga zuciya akwai wata babbar jijiya mai fitar da jini, tana da rassa zuwa kai da hannuwa da ƙoda. Wani lokaci garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da cuta ne, takan juya ta auka wa bangon jijiyar nan. Sai ya kumbura, hanya ta ƙuntata, jini ya kāsa wucewa sosai.

Ciwon iri biyu ne. Na farko shi ne wanda wani likitan ido na Japan, Mikito Takayasu, ya ba da labarinsa a 1908. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40. Alamominsa su ne kasala, da zazzaɓi, da jiri, da sanyin hannu in ana daka ko wanki. Sau da yawa ba a jin bugun jijiya a wuyan hannu ɗaya. Na biyu kuwa Likita Horton na Amurka ya bayyana shi a 1932. Shi yakan kama waɗanda suka wuce shekara 50, ya kuwa fi yawa a arewacin Turai. Yakan zo da ciwon kai ta gefen goshi da gajiyar muƙamuƙi wajen tauna, kuma yana iya makantar da mutum farat ɗaya.

To, ina gado ya shigo? Masana sun gano waɗansu alamomi cikin ƙwayoyin halitta da ake gada daga iyaye, waɗanda garkuwar jiki ke bambanta nata da baƙo da su. Mai alamar HLA-B52 ya fi saukin kamuwa da na farko, mai HLA-DR4 kuwa da na biyu. A 2013 aka ƙara gano wata, IL12B, wadda ke da hannu a na farko.

Amma a lura, wannan ba irin gadon amosanin jini ba ne, watau sikila, inda in uwa da uba duka suna ɗauke da ita, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. A nan ana gadon sauƙin kamuwa ne kawai. Mafi yawan masu alamomin nan har su tsufa ba su kamu ba. Saboda haka babu dalilin ƙin auren 'yar gidan da aka taɓa samun mai ciwon. Ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci ko zama tare, ba kuwa sammu ba ne ko iskoki.

Abin da ake roƙon hakimai shi ne su umarci dagatai da masu unguwa su gaggauta tura mai irin alamomin nan asibiti. A Babban Asibitin Kawo ana iya auna ƙarfin jini a hannu biyu a gwada bambancinsu. In likita ya ga dalili, sai ya tura shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Akwai maganin da ke kwantar da kumburin, amma sai da umarnin likita ake shansa. Tsohon da ganinsa ya dushe tare da sabon ciwon kai, kada a bari ya kwana a gida.