Ko Kun Sani? Kwalekwalen Dufuna

Kwalekwale mafi tsufa da aka taɓa ganowa a Afirka, a jihar Yobe aka same shi. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi.

Gwajin kimiyya ya nuna ya kai shekara 8,000. An sassaƙa shi ne daga gungumen madaci guda, tsawonsa ya haura mita 8, bakinsa a fiƙe tsaf, aikin gwani. Laka mai danshi ce ta rufe shi ruf, iska ba ta shiga, shi ya sa bai ruɓe ba. Yanzu yana ajiye a Damaturu.