Dokar Kare da Kyanwa a Jidda

Jidda ita ce ƙofar Makka a bakin Bahar Maliya. Hausawa sun daɗe da saninta, gama nan alhazai su ke sauka, waɗansu ma sun zaune ta tun zamanin tafiyar ƙasa. Wanda ya je can da niyyar ajiye dabba, ya kamata ya san ba kowace dabba a ke yi wa hukunci ɗaya ba.

Mu fara da kare. A hadisi an yarda mutum ya ajiye kare don farauta, ko tsaron garke, ko gadin gona. Wanda ya ajiye shi ba don ɗayan waɗannan ba, ladansa na raguwa kullum. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, amma Hambaliyya, wadda alƙalan Saudiyya su ke bi, ta ɗauke shi najasa. Saboda haka karen da hukuma ta saba ba izinin shigowa da shi ƙasar shi ne na farauta, da na gadi, da mai yi wa makaho jagora.

Kyanwa kuwa ba ta da wannan tabo. Wani babban sahabi ma saboda 'yar kyanwarsa a ke ce masa Abu Huraira. Shi ya sa mutane suka yi mamaki cikin 2006, da 'yan hisba suka sa aka hana sayar da kare da kyanwa a Jidda da Makka. Dalilinsu shi ne wai samari na kwaikwayon Turawa, suna sayen dabbobin suna yawo da su a titi don a gan su. Cikin 2008 aka kafa irin wannan doka a Riyad. Watau ba dabbar aka tuhuma ba, halin mai ita aka tuhuma. Dokar ba ta yi ƙarfi ba, ciniki ya ci gaba, sa'an nan cikin 2016 aka karɓe wa 'yan hisba ikon kama mutane.

Kafin wannan, cikin 2013, Saudiyya ta karɓi wata doka ta ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, wadda ta juya maganar. Ita wannan haƙƙin dabba ta duba. Dole mai dabba ya ba ta ci da sha da wurin kwana, ya nema mata magani in ta yi ciwo. Wanda ya azabtar da ita a ci shi tara, in ya yi ta maimaitawa tarar na iya kai riyal 400,000.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. An ruwaito cewa wata mace ta shiga wuta don ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi nata ba. Abin da hukuma ta ƙara shi ne tara tun a nan duniya.