Motar Kaya Mai Shan Gas: Illolinta da Rigakafinsu

Tun daga shekarar 1897, lokacin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala injinsa na farko mai aiki a birnin Augsburg, har ya zuwa yau da ƙananan motocin kaya irin su J5 da Sprinter da Hiace suke jigilar hatsi da albasa da tumatir tsakanin kasuwanninmu, asalin hikimar wannan inji tana nan yadda take. Ba shi da fulogin da ke ƙyasta wuta kamar injin fetur. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta matsa mai tsanani har zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa man gas a cikinta, man ya kama da wuta da kansa. Wanda ya fahimci wannan ƙa'ida ya fahimci galibin illolin motar, domin injin da rayuwarsa ta dogara ga tsabtatacciyar iska da feshi mai laushi, babu abin da yake yi masa lahani kamar ƙazanta.

Mu fara da man gas, tun da yake ta nan mafi tsadar hasara take shigowa. Famfon mai da nozul an ƙera su da daidaito na ban al'ajabi, har a injinan zamani ƙarfin turin man yakan kai ninkin nauyin iskar duniya sau 1,500 ko fiye, kuma shi wannan man da suke turawa shi ne yake zame musu maiƙon da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Saboda haka idan direba, don neman rangwame, ya sha man bakin hanya wanda aka yi wa algus da kananzir ko ruwa ya shiga cikinsa, kananzir ya rage maiƙo, ruwa ya kawo tsatsa, sai a wayi gari mota tana wuyar tashi, tana karkarwa, tana kasa hawan tudu. Maganin kuwa mai sauƙi ne: a sha mai a gidan man da aka amince da shi, a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filta, a canja filtar a kan lokacinta.

Iska ita ce ta biyu, kuma mu da hunturu yake lulluɓe mu da ƙura wata da watanni, wajibi ne mu duba filtar iska fiye da yadda littafin motar ya ƙayyade wa mutanen Turai. Idan ta toshe, mai ya rinjayi iska, hayaƙi ya fito baƙi ƙirin. Idan ta yage, ƙura ta shiga ta cinye ringi da bangon silinda. Alhali kuwa hayaƙi shaida ne da ba ya ƙarya ga mai lura: shuɗi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri wanda bai gushe ba bayan inji ya ɗumama yana nuna ko nozul ba ya feshi daidai, ko gaskit ya ƙone ruwa yana shiga silinda.

Baƙin mai shi ne jinin inji, kuma a injin gas yakan cika da dauɗar hayaƙi da wuri, don haka jinkirta juye shi zalunci ne ga metal da turbo. Shi turbo, wanda yake juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, yana bukatar direban da ya sha doguwar tafiya ya bar injin yana aiki a hankali na ɗan lokaci kafin ya kashe, don kada man ya soye a cikinsa. Haka nan lagireto da fanbel, a duba su kowace safiya kafin a ɗora kaya. Bel ɗin tayimin kuwa, a motocin da ke da shi, a canja shi idan ya cika kilomitocin da aka ɗibar masa ko da ido bai ga aibinsa ba, domin ranar da ya tsinke, fistin da bawul sukan yi karo.

Sauran illoli, na kuloci da birki da sifirin da taya, yawancinsu lodi fiye da ƙima ne sababinsu, kuma a nan ne al'amarin ya tashi daga hannun makanike ya koma wuyan mai mota. Mota amana ce a hannun direba, babu shakka. Amma maigidan da ba ya tambayar komai sai balas, wanda yake ɓata rai in an ambaci kuɗin sabis, shi ne ya koya wa direbansa ɓoye ƙaramar ɓarna har ta girma. Adalci shi ne ya ware wani kaso daga ribar kowace tafiya domin gyaran motar, ya ajiye littafi a cikin motar inda za a rubuta ranar kowane gyara da adadin kilomita, domin hisabin da ke tsakaninsa da direba da makanike ya tsaya a kan hujja maimakon zato.