Ingilishi a Bakin Fada: Dabarun Koyo ga Ɗaliban Alakoss

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da mahukuntan Nijar suka fitar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan sauyi ya shafi har ɗalibin da ke ƙaramar hukumar Alakoss, cikin yankin Gure na jihar Damagaram. Shi dai sai ya shiga kwaleji yake fara gamuwa da Ingilishi, sa'o'i kaɗan a mako. Da an tashi daga aji, harshen ya koma cikin jaka tare da littafi har sai wani darasin. Harshe kuwa a baki yake zama, kuma sai da yawan furtawa.

Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba, Ingilishi ya riga su isa gida. A ɗauki ledar taliyar Indomie, ko kwalin magani, ko na sabulun da aka shigo da shi daga Najeriya. A jikinsa akwai yadda ake dafawa ko sha, da ranar da aka yi shi, da ranar da zai lalace. Yaron da ya tara leda biyar, ya karanta su da ƙarfi, ya fassara wa mahaifiyarsa, ya yi darasi guda, ya kuma hana a sha maganin da wa'adinsa ya wuce.

Ita kanta Hausa taska ce. Burodi, bokiti, buroshi da tebur duk daga Ingilishi aka aro su. Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, sai ya cusa wasali a tsakani, ya ƙara wani a ƙarshe. Haka “bread” ya zama burodi. Ana iya mai da wannan wasa: wani ya faɗi kalmar Hausa, wani ya tuɓe mata wasulan aro ya fito da asalinta. Nan kunne ke gane inda harshe yake sarƙewa.

Sai fada, inda samari ke zagaye da butar shayi bayan sallar isha. Shayin nan zagaye uku ake yi. Sai a yi yarjejeniya cewa daga ɗora buta zuwa kofin farko, ba Hausa, ba Faransanci. Wani ya zama mai sayar da rago, wani mai saye, a yi ta tayi da albarka cikin Ingilishi, wanda ya kuskure ya wanke kofuna. Ƴan mata su ma suna da tatsuniya: a ɗauko labarin Gizo da Ƙoƙi da kowa ya sani, a ba da shi da ƴan gajerun jimloli. Da yake an san inda labarin ya dosa, hankali sai ya koma kan kalmomi kawai.

Ƙarancin intanet ba ya hana sauraro. A 1959 Muryar Amurka ta fara shirye-shirye da sassauƙan Ingilishi, inda aka riƙa karatu a hankali da kalmomi kimanin 1,500. Wanda ya shiga Gure ko Damagaram zai iya sauke irin waɗannan a katin waya, a rarraba ta Bluetooth kamar yadda ake rarraba waƙa da wa'azi. A saurari jimla, a tsayar, a maimaita, sannan a naɗi muryar kai a kwatanta.

Babban cikas shi ne kunya. Ɗalibi ya san amsa, amma tsoron dariyar abokai ya ɗaure masa baki. A nan malami da manyan fada suke da aiki: su bar mai magana ya kai aya kafin gyara, su ma su riƙa yin kuskurensu a bainar jama'a. Idan ƙarami ya ga yayansa ya yi tuntuɓe ya ci gaba da magana, gobe shi zai fara buɗe baki.